RA'AYINMU: Kujerun da Muka Bari Babu Kowa a Taron Ilimi

 Zangon karatu na uku ya ƙare, yara sun dawo gida da katin sakamako, iyaye kuma sun sami ƙarin hannu a wajen noma. Kafin a rufe makarantu, ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu ya kira taron ƙarshen shekara, inda Sakataren Ilimi ya karanta abin da aka yi a makarantun gwamnati a bana, da gine-ginen da ake shirin yi idan ruwa ya ɗauke. Hakimi ya zo, dagatai sun zo, hedimastoci da limamai sun cika wurinsu. An aika wa ikilisiyoyinmu takardar gayyata, an kuma jera mana kujeru. Yawancin kujerun nan babu kowa a kansu har aka tashi. A kan wannan ne muke so mu yi magana da ku a wannan fitowa, musamman dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata.

Bari mu fara da godiya, domin akwai abin godiya. An gyara rufin wasu ajujuwa da iskar farkon damina ta kwashe. An kai bencina wasu makarantun da yara suka daɗe suna rubutu a kan gwiwa. An karanta sunayen yaran aji shida da suka sami shiga ƙaramar sakandare, a cikinsu kuwa har da 'ya'yanmu, mata da maza. Wanda ya san halin da malamin firamare yake ciki, albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da tafiyar da yake yi a kan babur ko a ƙafa zuwa ƙauyen da ba nasa ba, ba zai raina wannan ba. Muna yi wa malaman nan godiya, Kirista da Musulmi, domin 'ya'yanmu suka koyar. Ba daidai ba ne a ce bakin mai bi ya iya kuka kawai, bai iya cewa an gode ba.

Da aka zo kan shirin gini, sai aka karanta sunayen makarantun da za a ƙara wa ajujuwa, da waɗanda za a yi wa masai, da waɗanda za a zagaye da katanga. 'Yan kaɗan daga cikinmu da suka halarta sun kasa kunne, amma ba su ji sunan ƙauyuka da dama da membobinmu suka fi yawa a ciki ba, alhali a wasunsu yara suna karatu a gindin itace, in hadari ya taso a sallame su. Da labari ya iso majami'u ranar Lahadi, abin da aka riƙa faɗa shi ne abin da muka saba faɗa: an sake ware mu. Ba mu ce babu wariya a ƙasar nan ba. Dattawan da suka yi shekaru suna neman takardar filin majami'a, ko suka ga an hana ɗansu takardar shaidar ɗan ƙasa saboda sunansa, ba sa bukatar wani ya koya masu ma'anar wariya. Sai dai kafin mu yanke hukunci a kan wannan jerin sunaye, ya kamata mu san yadda sunan makaranta yake shiga cikinsa, domin da yawa daga cikinmu suna tsammani wani babban mutum ne yake zama a ofis shi kaɗai ya rubuta waɗanda yake so.

Ga yadda abin yake a dokance. A watan Satumba na 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 kuma aka kafa masa doka. Dokar ta ce kowane yaro ɗan Nijeriya yana da haƙƙin karatu na shekara 9 kyauta, shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kuma wajibi ne. Ta ce a ware wa wannan aiki abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya ba. Hukumar UBEC da ke Abuja ce take riƙe da kuɗin, kowace jiha tana da tata hukumar, wato SUBEB, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da ofishin ilimi a ƙarƙashin Sakataren Ilimi. Kuɗin gini ba ya fitowa daga Abuja sai jiha ta ajiye nata rabin, ta kuma kai tsarin aiki a rubuce, wanda ya nuna makaranta kaza za a yi mata aji kaza. Shi ya sa shekara da shekaru jaridu suke kawo labarin biliyoyin naira da suka kwanta a asusun UBEC saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba. Wannan tsarin aiki kuwa ana haɗa shi ne daga abin da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi suka aika, su kuma suna dogara da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, da rahoton hedimasta, da takardun koke da suka zo daga al'umma. 'Yan siyasa suna sa baki, ba mu musa ba, kansila da ɗan majalisa kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa. Amma makarantar da ba ta da takarda ko ɗaya a fayil, ko mai son taimakonta ba shi da abin da zai kama.

To, wa ya kamata ya rubuta takardar? Tun tsakiyar shekarun 2000 gwamnati ta amince kowace makarantar firamare ta kasance da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda aka fi sani da SBMC. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA, domin shi ba na masu 'ya'ya a makarantar kawai ba ne. A cikinsa akwai hedimasta, wakilin malamai, wakilin sarauta, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, da wakilan addini. Aikinsa ne ya zauna ya duba abin da makarantar take bukata, ya rubuta tsarin ci gabanta, ya kai gaba, ya kuma sa ido a kan duk aikin da aka kawo. Mun tambaya a gundumominmu, ikilisiya nawa ce ta san sunan mai wakiltarta a kwamitin makarantar ƙauyensu? Amsar ta ba mu kunya. A wani wuri sunan wani dattijo ne yake a takarda, alhali ya daɗe da komawa ga Ubangiji. A wani wurin an sa sunan mai bishara da aka yi wa canjin wurin aiki tuntuni. A mafi yawan wurare ba a ma san akwai irin wannan kujera ba. Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mai ɗakin ya yi shiru, maƙwabci ba zai hau rufin ya duba masa ba.

Mun san inda wannan sanyin jiki ya samo asali, kuma ba za mu yi kamar ba mu sani ba. A ƙauyukanmu da yawa, makaranta ta fara ne a cikin majami'a. Mai bishara ne ya tara yara da manya yana koya masu baƙaƙe domin su iya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala bugawa da Hausa a 1932. Iyayenmu ne suka kwaɓa ƙasa, suka yanko ciyawa, suka ɗauki azara a ka suka gina ajujuwan farko. Daga irin wannan aiki ne wurare kamar Wusasa da Gindiri suka fitar da malamai, ma'aikatan asibiti da shugabanni waɗanda ƙasar nan duka ta amfana da su. A shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan, aka canja wa da yawa suna, a 1976 kuma shirin UPE ya zo da ɗimbin yara ba tare da isassun ƙwararrun malamai ba. Dattawanmu sun ji zafin abin, da gaskiyarsu. Amma daga wannan zafi ne wata magana ta shiga bakinmu, har muka gadar wa 'ya'yanmu: tun da sun ƙwace, su riƙe abinsu. Kusan shekara 50 ke nan muna fushi da makarantar gwamnati, ita kuwa ba ta ma san muna yi ba. Waɗanda suke biyan kuɗin fushin su ne yaran da muke turawa can kowace safiya.

Wani zai ce ai mun buɗe namu makarantu. Gaskiya ne, kusan kowace babbar ikilisiya a cikin gari tana da nazare da firamare a harabarta, wasu kuma suna aiki mai kyau, Allah ya ƙara masu albarka. Amma mu tsaya a ƙofar majami'a ranar Lahadi mu ƙirga yaran makarantar Lahadi, mu tambayi kowannensu inda yake karatu. 'Ya'yan fasto, da na ma'aikaci, da na ɗan kasuwa suna makarantar kuɗi. 'Ya'yan gwauruwa, da na manomin da yake jiran kaka kafin ya ga kuɗi, da marayun da rikici ya koro, suna makarantar gwamnati, su ne kuma suka fi yawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tsada, mun ga iyaye da dama sun cire 'ya'yansu daga makarantar kuɗi sun mai da su ta gwamnati a ɓoye, kamar wani abin kunya suka yi. Wannan ya nuna mana wani abu da ba shi da daɗin faɗa: waɗanda suke da bakin magana a majalisar dattawa, sau da yawa ba su ne suke da 'ya'ya a makarantar da rufinta yake zuba ba. Mu masu aikin fasto ba mu tsira daga wannan zargi ba. Mun iya shirya gidauniya domin sabon ginin majami'a, da gidan fasto, da kayan kiɗa, a gayyato babban baƙo daga birni. Yaushe rabon da a ji sanarwa daga bagade cewa gobe akwai taron kwamitin makaranta, kowa ya je?

Yanzu bari mu zo kan ginin kansa, domin ko an sa sunan ƙauyenku a jerin, aiki bai ƙare ba. Duk wanda yake yawo a karkara ya ga ajujuwan da aka yi wa fenti mai kyau, aka yanka kirtani aka ɗauki hoto, kafin damina biyu daɓe ya farfashe, silin ya rufto, tagogi sun ɓalle. Ba aljanu ne suke yin wannan ba. Ana rage siminti a ƙara yashi, a sa siririn rodi a inda ake bukatar mai kauri, a haƙa tushe bai kai ba, a yi rufi da ɗanyen katako da kwano mai kaurin takarda, a ƙi ɗaure rufin da ƙarfe a jikin bango, iska ta farko ta ɗauke shi kamar faifai. A watan Yuli na 2024 ginin wata makarantar kuɗi ya rushe a kan ɗalibai a garin Jos suna cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Iyayen yaran nan sun sallame su da safe kamar yadda muke sallamar namu. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu iya magana. Bayan an shafe bango da filasta, babu mai iya ganin abin da aka ɓoye a ciki.

A nan Allah bai bar mu hannu wofi ba. Babu gundumar da ba mu da birkila, kafinta, mai walda ko mai haɗa wuta a cikin membobi. Birkilan cikinmu sun san bulo nawa buhun siminti ɗaya ya kamata ya fitar, sun san bulon da aka ba ruwa ya ƙoshi da wanda zai marmashe a hannu. Me zai hana ikilisiya ta miƙa sunan irin wannan ɗan'uwa a kujerar masu sana'a ta kwamitin makaranta? Kwamiti yana da ikon tambaya: wane ɗan kwangila aka ba aikin, aji nawa aka rubuta, da masai ko babu, yaushe za a gama. Ya kamata a kafa allon kwangila a wurin aiki kowa ya karanta. Idan an ga abin da bai dace ba, a sanar da hedimasta da dagaci, a rubuta wa Sakataren Ilimi tun aikin yana ƙasa, a riƙe kwafi. Ba mu ce a je a yi faɗa da leburori ko a tsai da aiki da ƙarfi ba. Ba mu kuma ce wani ya je ya nemi nasa kason a wurin ɗan kwangila ba, domin mun ji ana yin haka, kuma wanda ya karɓi buhu biyu na siminti ya kai gidansa ya sayar da bakinsa ke nan, ya kuma ja wa sunan Ubangiji zagi.

Akwai abubuwan da ba a cika sa su a gaba ba a shirin gini, domin ba sa kyau a hoto. Masai na ɗaya daga ciki. Iyaye mata sun san dalilin da ya sa yarinya take fara fashin makaranta idan ta fara girma, a makarantar da babu wurin kewayawa sai daji, babu kuma ruwa. Muna roƙon zumuntar mata su ɗauki wannan magana ta zama tasu, domin in an bar wa maza, za su yi ta lissafin ajujuwa su manta da ita. Katanga ma haka. Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Kuriga a 2024, babu uban da zai ga makaranta a bakin daji ba shinge hankalinsa ya kwanta. Katanga ba za ta tare ɗan bindiga ita kaɗai ba, amma tana hana dabbobi da masu wucewa, tana kuma hana masu cin filin makaranta kaɗan-kaɗan da garma kowace damina, wanda a wasu ƙauyuka, mu faɗi gaskiya, membobinmu ne.

Sai babbar magana, wato malami. Manufar ilimi ta ƙasa ta tsara malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma ya kasance yana da takardar NCE aƙalla. Ku shiga aji ɗaya a makarantar ƙauyenku ku ƙirga da kanku. Sabon aji da babu malami a ciki ɗakin ajiyar ƙaiƙayi ne kawai. Damuwarmu ta musamman ita ce malamin darasin addinin Kirista. Sashe na 38 na kundin tsarin mulki na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addini ko shiga ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. A 2017, bayan ƙorafi daga Kirista da Musulmi duka, gwamnati ta tabbatar cewa darasin addinin Kirista da na Musulunci kowanne zai tsaya da kansa a manhaja. Duk da haka akwai makarantu a yankunanmu inda idan lokacin darasin addini ya yi, 'ya'yanmu suke fita su zauna a inuwa har a gama, saboda ba a turo masu malami ba. Wannan abin nema ne, a rubuce, da sunan makaranta da yawan yaran da abin ya shafa. Amma mu shirya wa amsar da aka saba ba mu, cewa babu wanda ya nemi aikin. Matasanmu nawa ne masu NCE suka yarda a tura su ƙauye? Iyaye nawa ne suke ƙarfafa ɗansu ya karanta aikin malanta, ba sai bayan ya rasa gurbi a ko'ina ba? Idan an buɗe ɗaukar malamai, ikilisiya ta sanar, ta taimaki masu takarda su nema a kan lokaci.

Haka kuma ba za mu iya neman a gina mana aji ba alhali muna riƙe yara a gida. Dokar 2004 ta ɗora wa iyaye alhaki, har ta tanadi hukunci: gargaɗi a karo na farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Ba a cika zartar da shi ba, amma ƙidayar makarantu ba ta yafe wa kowa. Yaron da aka tura kiwo ko aka kai birni aikatau ba ya cikin rajista, makarantar da rajistarta ta yi ƙasa kuwa tana komawa ƙarshen layi.

Game da yadda za mu yi magana, muna tuna wa dattawa da Nehemiya. Kafin ya buɗe baki a gaban mutanen Urushalima, ya fita da dare ya zagaya ganuwar birnin ya ga inda ta rushe da idonsa, kuma tun kafin haka, lokacin da ya tsaya a gaban sarki ya riga ya san abin da zai roƙa, har da katako da wasiƙun hanya. Koken da ya ce an manta da mu gaba ɗaya, ana ninke shi a ajiye. Wanda ya ce makarantar ƙauye kaza tana da yara kaza, aji kaza ne suke da rufi, ga hoto, ga sa hannun mai unguwa, da wuya a yi watsi da shi. Kada kuma mu tafi mu kaɗai a inda ba mu kaɗai muke ba. Ruwan da yake zuba ta rufin aji yana jiƙa littafin Bitrus da na Habibu tare. Takardar da fasto da liman da mai unguwa suka sa wa hannu ta fi wadda ta fito daga majami'a kaɗai nauyi a kan teburin Sakataren Ilimi, kuma zaman da za a yi kafin a rubuta ta yana gyara zumunci fiye da tarurrukan zaman lafiya da ake kira bayan an riga an yi ɓarna. Mun ga wuraren da maƙwabtanmu Musulmi suka tsaya mana a kan maganar malamin addini, domin sun san yadda za su ji in nasu 'ya'yan ne a inuwa.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan batu a zamanta na gaba, kafin a koma makaranta a watan Satumba. A tura mutum biyu, namiji da mace, su gaishe da hedimasta, su nemi sunayen 'yan kwamitin makarantar, a cike kujerar da take wofi da wanda zai riƙa zuwa, ba wanda ya fi girman suna ba. Su zagaya ajujuwan da birkila ɗaya, su rubuta abin da suka gani. Sakataren kowace gunduma ya tattara waɗannan rahotanni ya kawo ofishin ƙungiya, domin mu haɗa su wuri ɗaya mu kai ofishin ilimi da kanmu kafin a rufe tsarin aikin baɗi. Fastocin da ba su sami takardar gayyatar taron bana ba su sanar da mu, mu ba ofishin ilimi sunayensu da lambobin wayarsu.